Tsadar Takin Zamani: A Yi Lissafi Kafin A Zuba Iri

Duk shekara idan damina ta gabato, aka fara sharar gona ana duban gabas, babu maganar da ta fi yawo a bakin manoman ƙasar nan kamar ta takin zamani da kuɗinsa. Daga Ejura da Techiman da Atebubu, inda ake noma sau biyu a shekara, har zuwa Tamale da Yendi da Tumu da Bawku, inda damina ɗaya ce tak, wanda ya kuskure mata sai baɗi, tambayoyi biyu ne ke hana magidanta barci: buhu nawa na taki zan iya saye, kuma me zan shuka? A ganin wannan jarida, waɗannan tambayoyi biyu a haɗe suke, kuma ta farko ce ya kamata ta ba da amsar ta biyu. Manomin da ya riga ya zuba irin masara a eka goma, sa'an nan ya tafi kasuwa tambayar kuɗin taki, ya riga ya sa ƙafa ɗaya cikin bashi tun shuka ba ta tsiro ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce mene ne ruwan mazauna zango da wannan batu, alhali akasarinmu a birni aka haife mu, a birni muke neman abinci? Ruwanmu da tsaki kuwa. Kokon da ake damawa da asuba a Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, da wake da shinkafar da ake layi a kansa a Aboabo da Asawase a Kumasi, da tuwon da ake kwasa da dare a kowane gida, duk daga gonakin waɗancan bayin Allah suke fitowa. Ban da wannan, sanin kowa ne cewa fataucin hatsi na daga cikin tsofaffin sana'o'in mutanen zango, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu, maza da mata, su ne ke ba manoma kuɗi ko taki da farkon damina su karɓi hatsi da kaka. Wato ke nan muna da hannu dumu-dumu a cikin abin da ake shukawa, ko mun taɓa riƙe fartanya ko ba mu taɓa ba.

Yana da kyau a fara da sanin inda tsadar ta samo asali. Ƙasar Gana ba ta ƙera takin zamani daga tushe. Kusan dukkan abin da muke zubawa a gona ta jirgin ruwa yake zuwa, a sauke shi a Tema ko Takoradi, wasu kamfanoni su gauraya shi su ɗura a buhu, sa'an nan a ɗora wa manyan motoci su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa arewa. Takin yuriya da iskar gas ake yin sa, don haka duk ranar da gas ya yi tsada a duniya, yuriya ma sai ya bi sahu. Sinadarin fosfet, ƙasashe irin su Maroko da Sin ne ke da rinjaye a kasuwarsa, shi kuwa fotash akasarinsa daga Kanada da Rasha da Belarus yake fitowa. Da dala ake sayen duk waɗannan, shi kuwa manomi da Sidi yake sayar da masararsa. Saboda haka manomin Tumu yana biyan kuɗin abubuwa uku da ba shi da iko a kan ko ɗaya: farashin duniya, da darajar Sidi, da kuɗin man da motar ta sha kafin ta iso gare shi.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2020 tan ɗaya na yuriya bai kai dala 300 ba a kasuwar duniya. Kafin ƙarshen 2021 ya haura dala 800, sakamakon tsadar gas a Turai da kuma taƙaita fitar da taki da ƙasar Sin ta yi. Ana cikin haka sai yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, al'amari ya ƙara dagulewa. A cikin gida kuma, Sidin da a farkon 2022 ake canjin dala ɗaya a kan wajen shida, kafin watan Nuwamba ya zarce 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba na shekarar. Manoma da dama a wancan lokaci sun rage gonakinsu, wasu sun shuka masara babu taki sun girbe kara, wasu kuma suka koma ga waken soya da gyaɗa ba tare da sun shirya ba. Farashin duniya ya sauko daga baya, amma darasin da aka koya bai kamata ya sauko tare da shi ba, domin abubuwan da suka haddasa wancan tashin suna nan, kuma babu wanda ya isa ya ce ba za su sake haɗuwa ba.

Ga al'ada, idan taki ya yi tsada, idon kowa kan koma ga gwamnati. Ba laifi ba ne, to amma tarihin tallafin taki a ƙasar nan ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan. An fara shirin rangwamen a shekarar 2008, zamanin Shugaba Kufuor, ta hanyar raba takardun kufon. A 2014 ba a ba da tallafin ba sam. A watan Afrilun 2017 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin noma don abinci da ayyukan yi, wanda aka fi sani da PFJ, a garin Goaso, inda gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin buhu. Manoma sun amfana, wannan gaskiya ne, sai dai kuma 'yan fasa-ƙwauri sun yi ta tsallakawa da takin zuwa Burkina Faso da Togo, bashin da kamfanonin taki ke bin gwamnati ya taru har aka shiga ƙarancinsa a 2021, kuma kafin 2022 rangwamen ya zube zuwa kashi 15 cikin 100. A watan Agustan 2023 aka ƙaddamar da kashi na biyu na shirin a Tamale, aka sauya daga rangwame zuwa bayar da kayan noma bashi. A watan Afrilun 2025 kuma Shugaba Mahama ya buɗe nasa shirin na ciyar da Gana a Techiman. Wato a cikin shekaru 17 tsarin ya sauya fuska sau da dama, kowace gwamnati da irin nata. Manomi ya karɓi duk abin da aka ba shi ya gode, amma kada ya gina lissafin daminarsa a kan takin da bai shigo ɗakinsa ba.

Akwai kuma ɗaya gefen na lissafin wanda ba a cika maganarsa ba, wato farashin abin da aka noma. A tsakiyar daminar 2024 ruwa ya ɗauke na makonni a arewa da tsakiyar ƙasa, shuka ta ƙone, takin da aka zuba da kuɗin bashi ya tafi a banza, hatsi ya yi tsada, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje a watan Agusta. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 2025, sai labari ya sha bamban: Sidi ya yi ƙarfi, hatsi ya cika kasuwa, farashin masara da shinkafa ya faɗi, manoma suka yi ta kukan rashin masu saye. A shekarar farko ruwa ne ya karya manomi, a ta biyu kasuwa. Wannan ya nuna cewa kuɗin da aka rubuta a jikin buhun taki ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Ma'aunin gaskiya shi ne: buhun masara nawa zan sayar da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, kafin in biya buhun taki ɗaya? Kuma wannan buhun takin, buhun masara nawa zai ƙara mini a gonata? Duk manomin da bai yi wannan lissafi ba, caca yake yi da abincin iyalinsa.

Lissafin kuma ba shi da wuya idan aka san abin da ke cikin buhu. Buhu mai kilo 50 na takin NPK 15-15-15 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na naitrojin, wato sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar, da kuma kwatankwacin haka na fosfet da na fotash. Buhun amoniya mai kilo 50 yana da kilo goma da rabi na naitrojin. Buhun yuriya kuwa yana da kilo 23. Ke nan ta fuskar naitrojin, buhun yuriya ɗaya ya fi buhun amoniya biyu, kuma wanda ya sayi amoniya don kawai ya ga kuɗinsa bai kai na yuriya ba, mai yiwuwa shi ne ya sayi mai tsada. Amoniya na da nasa amfani, domin yana ba ƙasa sinadarin salfa, sai dai yawan amfani da shi shekara da shekaru na sa ƙasa ta yi tsami. Irin wannan bayani ya kamata a ce kowane mai shagon taki na yi wa manomi kafin ya karɓi kuɗinsa.

Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa a kan masara ita ce wajen buhu biyu na NPK bayan tsiro, da buhu ɗaya na amoniya ko yuriya a zubi na biyu, a kowace eka. To, mu ɗauka magidanci yana da eka biyar, amma ƙarfinsa buhu shida ne. Hanya ta farko ita ce ya shuka masara a duka biyar ɗin, ya biya kuɗin tarakta da iri da maganin ciyawa da 'yan ƙwadago na eka biyar, sa'an nan ya yayyafa musu abincin eka biyu. Hanya ta biyu ita ce ya zaɓi eka biyu mafi kyawun ƙasa ya ba masara haƙƙinta, sauran ukun ya raba su tsakanin waken soya da gyaɗa da wake, ko dawa da gero idan ƙasar tasu ce. Wannan jarida na goyon bayan hanya ta biyu, daidai ruwa daidai tsaki. Masara, musamman irin nan na zamani da ake saye da tsada, amfanin gona ne mai ci, idan ba ta ƙoshi ba ba ta biyan wahalar da aka sha a kanta.

Dalilin da ya sa muka ambaci waken soya da gyaɗa da wake shi ne, Allah Ya hore musu wata baiwa da masara ba ta da ita. A jikin saiwarsu akwai 'yan ƙulle-ƙulle da wasu ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna jawo naitrojin daga iska suna ba shukar. Don haka ba sa buƙatar yuriya, kuma masarar da aka shuka a wurinsu shekara mai zuwa takan fi wadda aka maimaita a kan masara kyau, musamman idan an bar harawar da ganyen sun ruɓe a gonar. Juya gona da waken soya yana kuma taimakawa wajen rage ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar masara da dawa ta fi addabar gonar da ta gaji. Cibiyar binciken aikin gona ta SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale ta fitar da irin waken soya kamar Jenguma da Afayak, da irin wake kamar Songotra da Padi-tuya, kuma tana haɗa garin nan na ƙwayoyin halitta da ake cuɗa irin soya da shi kafin a shuka, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na buhun taki ba.

Sai dai kada a ɗauka muna cewa kowa ya watsar da masara. Idan aka yi haka, masu kiwon kaji za su rasa abincin kajinsu, masu dokunu da banku da tuwo su ji a jikinsu, sa'an nan waken soyan da kowa ya ruga gare shi ya cika kasuwa ya faɗi. Su ma waɗannan amfanin gona suna da nasu sharuɗɗa. Waken soya da gyaɗa na son fosfet, kuma ƙasar arewa na da ƙarancinsa, don haka ba a cewa ba sa buƙatar taki kwata-kwata. Waken soya idan aka yi jinkirin girbinsa sai ya fashe ya zube a gona. Wake na buƙatar feshi saboda ƙwari. Gyaɗa idan ba ta bushe da kyau ba takan yi fumfuna mai guba. Abin da muke kira a kai shi ne a raba ƙafa, kowane amfani a ba shi gwargwadon abin da aljihu da ƙasa za su iya ɗauka, ta yadda idan ɗaya ya ƙi, ɗaya zai rufa asiri.

Bayan zaɓen abin shuka, sai yadda ake zuba takin. Abin takaici ne a ga mutum ya ci bashi ya sayi yuriya, sa'an nan ya watsa shi a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka, inda wani kaso mai yawa zai bi iska, saura kuma ruwan farko ya wanke. Ana tona ɗan rami ne a gefen shuka, a zuba, a rufe, lokacin da ƙasa ke da laima, kuma bayan an yi noman ciyawa, don kada a ciyar da haki da kuɗin masara. A Jamhuriyar Nijar, masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore sun nuna cewa ɗan takin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, idan aka sa shi a ramin shuka, yana ƙara yawan gero da dawa sosai. Wannan dabara ta dace da manoman Bawku da Navrongo da Lawra, waɗanda ƙasarsu da ruwansu ke kama da na maƙwabtanmu na arewa.

Haka nan dole mu koma ga takin gargajiya da idon basira. Ƙasar da babu ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi a cikinta ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe takin zamanin da aka zuba mata. Duk da haka, kowace shekara da hunturu sai a cinna wa daji da gonaki wuta, a ƙone karan da ya kamata ya koma ƙasa, alhali tun 1990 akwai dokar da ta hana wutar daji. A nan ma zango na da abin bayarwa. Kashin shanu da tumaki da ke taruwa a kasuwar dabbobi ta Turaku a Ashaiman, da mayankar Kumasi, da gidajenmu inda ake turke ragunan layya, akasarinsa a kwata yake ƙarewa ya toshe magudanan ruwa. Masu lambu a bayan gari sun daɗe da sanin darajar kashin kaji, har daga Dormaa ake lodinsa. Matasanmu da ke neman abin yi, ga sana'a nan a ƙofar gida: a tara, a ruɓar, a ɗura a buhu, a sayar.

Yanzu sai mu juyo ga 'yan kasuwar hatsi na zango, domin maganar ta fi shafarsu. Sau da yawa manomi ba shi ne ke zaɓen abin da zai shuka ba, wanda ya ba shi bashi ne ke zaɓa masa. Idan Hajiya ko Alhaji sun ce masara kaɗai za su karɓa, to masara zai shuka ko ƙasarsa ta gaji, ko takin da aka ba shi bai isa ba. Idan kuma aka ba shi buhun taki a kan ya biya da hatsin da ya ninka kuɗinsa, ba tare da la'akari da fari ko faɗuwar kasuwa ba, to an ci riba bana, amma an kashe kazar da ke yin ƙwai. Muna kira gare su da su yarda su karɓi waken soya da gyaɗa da wake a madadin masara, su kai takin da wuri kafin lokacin zubi ya wuce, kuma a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Addinin Musulunci ya halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko a karɓi kaya daga baya, bisa sharaɗin a san nau'in kayan da ma'auninsu da lokacin bayarwa, kuma ya kwaɗaitar da a jinkirta wa wanda ya shiga ƙunci. Ya kamata limamanmu su riƙa bayanin wannan a kan mumbari kafin damina, kamar yadda suke bayanin zakka da kaka.

Sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa. Manoma ashirin da suka haɗa kuɗi suka sayi taki mota guda tun da rani sun fi samun sauƙi a kan wanda zai je shago shi kaɗai a watan Yuli, lokacin da kowa ke nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saye a ƙungiyance yana kuma rage haɗarin faɗawa hannun masu gurɓataccen taki da masu rage buhu, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa a duk lokacin da kaya suka yi tsada.

Ita kuma gwamnati, buƙatunmu gare ta ba su da yawa. Na farko, duk abin da za ta yi a kan taki, rangwame ne ko bashi ko kyauta, ta bayyana shi tun kafin ruwan farko, ta kuma kai shi a kan lokaci, domin takin da ya iso bayan masara ta fid da kai ba shi da wani amfani ga mai ita. Na biyu, ta daina sauya dokar fitar da hatsi ba zato ba tsammani. Ba adalci ba ne a bar manomi ya sayi taki a farashin duniya, sa'an nan a rufe masa iyaka lokacin da zai sayar, kuma idan hatsi ya yi yawa a rasa mai saye. Kamfanin ajiyar hatsi na gwamnati, NAFCO, ya kamata a ba shi kuɗi da rumbuna tun kafin kaka. Na uku, a aiwatar da dokar tsirrai da taki ta 2010 a kan masu gurɓata kaya, a kuma ƙara yawan malaman gona da wuraren gwajin ƙasa, ta yadda manomin Salaga zai san abin da gonarsa ta rasa kafin ya sayi abin da ba ta buƙata. Na huɗu, a duba maƙwabta. Tun watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas, mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara, kuma tafiyar jirgin ruwa daga Legas zuwa Tema ba ta kai ta Turai ko Asiya ba.

A shekarar 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake amfani da shi daga kimanin kilo takwas zuwa kilo 50 a kowace kadada kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce akasarin ƙasashe ba su kai ba, har aka sake wani taron a Nairobi a watan Mayun 2024 aka sabunta alkawura. Muna fatan a cika su. Amma damina ba ta jiran taro, kuma manomin da ke da 'ya'ya a makaranta da bashi a wuya ba zai iya jira ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya ƙirga buhunan da zai iya saye, ya auna gonarsa daidai da su, ya bar wake da gyaɗa su taya shi gyaran sauran. Abin da ke hannunmu mu mazauna zango shi ne mu saya daga gare shi da adalci, mu ba shi bashin da ba zai kai shi ƙasa ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa a girbe lafiya, amin.